Ranar da Cyril Tasker Ya Jira Teku

A layinmu, can ƙauyen masu haƙar kwal da ke bayan Barnsley, ba sai an duba kalanda ake sanin bazara ta kama ba. Da an hango Cyril Tasker ya fito da dangar ƙyallensa ta tare iska mai ratsin ja da rawaya ya shanya a bayan gida, yana bin sandunanta yana ƙwanƙwasawa, to tafiyar Cleethorpes, garin bakin teku, ta kusa. Tafiyar yini ɗaya ce, a tafi da safe a dawo da yamma. Amma Cyril yakan fara shirinta tun ƙanƙara ba ta gama narkewa a kan rufin gidaje ba, kuma duk wanda ya kuskura ya gaishe shi a kan hanya sai ya ji inda shirin ya kwana.

Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, da ɗan shuɗin tabo a goshi irin wanda kwal ke bar wa mutanensa. Tun da ya bar makaranta ya shiga ramin kwal, bai fito ba sai da aka rufe ramin. Sai dai shi ba haƙa yake yi ba. Aikinsa shi ne kula da injinan da ke zuƙe ruwa daga ƙarƙashin ƙasa don kada ya cinye masu haƙar. Shekara da shekaru yana tsaye cikin duhu yana sauraron ɗiga, har ya fito da aƙida guda: ruwa ba ya barci, kullum kafa yake nema, kuma bai cancanci a yarda da shi ba. Shayi kawai ya yafe wa. Da aka rufe ramin ya samu aikin kula da ginin makarantar firamare, inda ya ƙarar da sauran ƙarfinsa yana farautar famfo mai yoyo har ya yi ritaya.

Mai karatu zai so ya ji abin da ke kai irin wannan mutum bakin teku. Mutunci ne, ba sha'awa ba. A wurinmu, magidancin da shekara ta zagayo bai kai iyalinsa Cleggy ba, kamar yadda muke gajarta sunan garin, sai an yi da shi a kulob, matarsa kuma ta rasa abin faɗa a layin sayen burodi. Uban Cyril ya kai su a jirgin ƙasa suna yara, saboda haka shi ma dole ya kai nasa. Uban ya kuma bar masa wani gado da yake ji da shi fiye da agogon aljihun da ya gada, wato a tafi a makon da wata ya cika. A wannan makon teku a Cleggy yakan janye tun da hantsi, ya yi nisa har ka ce kwashe shi aka yi, ba ya dawowa sai lokacin abincin dare. Yashi ya buɗe iya ganinka. Ba yaron da zai jiƙe, ba tawul mai ɗiga a mota, ba mai nitsewa. Cyril bai taɓa gane kan masu zuwa a sauran ranaku ba, su ƙona mai su je su tarar ruwa ya mamaye rabin wurin zama.

Sauran dokokin kowa a gidan ya haddace su. Ana tashi tun gari bai gama wayewa ba, don a riga cunkoso. Ana ajiye mota a wani lungu can bayan gari inda ba a biyan ko kwabo, a taka sauran da ƙafa, kowa da kayansa. Abinci daga gida ake zuwa da shi, burodi da dafaffen ƙwai da filas ɗin shayi, domin a ganin Cyril duk mai sayar da abinci a bakin teku ɓarawo ne da aka ba shi rumfa. Da an isa yashi sai ya zaro guduma ya kafa dangar, a jera kujeru a cikinta, bayansu ga iska. Iskar kuwa daga teku take busowa. Haka iyalin Tasker suka yi rayuwarsu ta bakin teku suna fuskantar bango, da shagunan wasa, da banɗakin jama'a. Ƙarfe uku na yi a tuge danga a kama hanya, don a riga cunkoso. Ba shekarar da ba su shiga cunkoson ba, kuma kullum Cyril yakan ce da sun ƙara minti kaɗan da abin ya fi haka muni.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a sani game da shi. Mu mutanen nan ba mu iya yabo ba. Idan ka dafa mana abin da ya fi komai daɗi a duniya, iyakar abin da za ka samu shi ne "ba laifi", kuma ka riƙe shi da kyau don ba za a maimaita ba. To Cyril ko wannan ma rowarsa yake yi. Yabonsa na yau da kullum shi ne "na ga wanda ya fi shi muni". Ranar da aka haifi 'yarsa Glenda, unguwarzoma ta miƙa masa ita, ya duba ya ce hannu da ƙafa sun cika. Sau ɗaya tak aka taɓa jin "ba laifi" a bakinsa, a ƙofar coci, lokacin da Mavis ta sauko daga mota cikin farar riga ya ɗaga kai ya gan ta. Ƙawayenta sun ji, 'yan'uwansa sun ji, har yau ana ba da labarin. Mavis ta ɗauki kalmomin nan biyu ta adana, da su ta yi zaman aure.

Ita Mavis ɗinki ta yi a kamfanin riguna, tana haɗa kwala daga safe zuwa yamma, idonta a kan allura. Mace ce mai sanyin murya, amma harshenta na da kaifi idan ta ga dama, sai dai ba kasafai take ganin damar ba. A shekarar da nake ba da labari, Cyril ya lura ta fara zuba shayi a gefen kofi. Daga baya ta gaishe da mai kawo wasiƙa da sunan maƙwabci. Likitan ido ya yi musu bayani ba ɓoye-ɓoye: tsakiyar ganinta ce ke mutuwa, gefe-gefe ne zai ɗan saura, kuma abin na sauri. Duk abin da take son gani, ta gan shi a wannan bazarar. Cyril ya tuƙo su gida, ya shiga ɗakin kayan aiki ya yi ta wasa wuƙaƙen da ba su dakushe ba.

Wata Lahadi bayan abincin rana, Glenda da mijinta Barry suna nan, Cyril ya goge baki ya yi sanarwar da aka saba. Jikoki sun girma sun zame jiki tun tuni, saura su huɗu.

"Asabar ta biyu a watan gobe," in ji shi. "Wata zai cika a makon. Barry, kai ne da danga a baya, kuma bana ka riƙe ta da kyau, bara ka kusa tsone mini ido."

"Bana ruwan nake so in gani, Cyril," in ji Mavis.

"Ai can za mu, yarinya."

Haka yake kiranta, ita da ta haura saba'in.

"Can muke zuwa tun Glenda tamu na rarrafe," in ji ta. "Na ga yashi. Na ga jakunan da ke ɗaukar yara, har sunayensu na sani. Banɗakin nan kuwa ba fuskar da ban gan shi ta ita ba. Ruwan nake so in gani yana motsi, kafin abin nan ya gama rufewa."

Glenda ce ta fara magana.

"To a canza rana mana, Baba. Barry ya ce in wata yana rabi, ruwan da tsakar rana yake cika."

"Ni ban ce komai ba," in ji Barry, yana kallon farantinsa.

"Ka faɗa, a mota."

"Na ce na ji an ce."

"Ba a canza rana," in ji Cyril. "Kakanki bai canza ba, kuma ba wanda ya taɓa nitsewa a gidan nan."

"A me za mu nitse, Baba? A shayi?"

Kada a ɗauka Cyril bai ji maganar matarsa ba. Ya ji, har cikin ƙashinsa. Yana sonta so mai tsanani, irin son da ba ya da bakin faɗa sai dai ya gyara mata ƙafar kujera. Amma canza ranar, a wurinsa, daidai yake da ya tsaya a gaban iyalinsa ya ce ubansa ya yi kuskure, shi ma ya bi kuskuren tsawon rayuwarsa, ya kuma jawo mace ɗaya a ciki. Wannan ya fi ƙarfinsa. Sai ya yi abin da masu taurin kai suka ƙware a kai, ya shiga neman hanyar da zai ba ta abin da take so ba tare da ya motsa daga inda yake ba.

Bayan 'yan kwanaki dabara ta faɗo masa. Akwai wani tsohon abokin aikinsa, Horace, mai kiwon tattabarun tsere, yana da madubin hangen nesa na soja wanda yake hango tsuntsayensa da shi tun suna bayan gajimare. Cyril ya je ya aro. Ya gwada shi a kan hasumiyar coci, ya ga har tsatsar ƙusa. Ya dawo gida yana tafiya kamar wanda aka ƙara wa albashi. Teku ya yi nisansa yadda ya ga dama, za a jawo shi har gaban Mavis, kuma ba ƙafar da za ta jiƙe. Ya naɗe madubin a tsohuwar rigar sanyi ya ɓoye a ƙarƙashin kujerar mota, bai gaya wa kowa ba.

Glenda ta yi ta bugo waya tana faɗa. Ta ce taurin kansa ya wuce na jakunan Cleggy, don su in an ja su suna tafiya. Ta ce ita za ta ɗauki uwarta ta kai ta wata rana daban. Mavis ce ta hana.

"Ba na zuwa ba da shi ba," in ji ta. "Ki bar shi, ya ce akwai shiri."

"Mama, shirin Baba fa kika ce."

"Na sani. Ni na aure shi."

Ranar ta zo. Suka tashi gari bai gama wayewa ba, Barry a baya da sandunan danga tsakanin gwiwoyinsa, mota duk warin dafaffen ƙwai. Suka shiga cunkoso a inda suka saba shiga. Suka ajiye mota a lungunsu, suka taka, Mavis na riƙe da hannun 'yarta saboda gwiwoyinta ma ba na doguwar tafiya ba ne yanzu. Da suka sauka kan yashi, komai na nan yadda Cyril ya tsara. Jama'a sun baje, jakuna na kai da kawowa, doguwar gadar shaƙatawa da aka gina don ta shiga cikin teku na tsaye a kan ƙafafunta a busasshiyar ƙasa. Teku kuwa ya tafi abinsa. Can ƙarshen duniya akwai wani siririn zare mai ƙyalli, wanda mai lafiyar ido ma sai ya yi kyakkyawan zato zai kira shi ruwa.

Cyril ya kafa danga. Daga nan ya yi abin da ya sa Barry ya saki baki: ya ɗauki kujerar Mavis ya fito da ita waje, ya juya ta ta fuskanci iska. Ya zaunar da matarsa, ya kwance rigar sanyin a hankali, ya ɗora mata madubin a hannu.

"Ga tekunki nan, yarinya. Ki murza wannan ƙaramin har ya fito."

Mavis ta shafa abin da yatsunta ta gane ko mene ne. Ta ɗaga ta kai ido. Ta murza gaba, ta murza baya. Ta daɗe a haka, iska na kaɗa mata gashi, Cyril na tsaye a kanta hannayensa a baya yana jira a yaba.

"Na gani, Cyril," in ji ta. "Na gode. Ka yi dabara."

Sai a lokacin ya lura da inda bakin madubin ke kallo. Sama yake kallo, inda ba komai sai farin gajimare. Madubi na jawo nesa zuwa tsakiyar ido, tsakiyar idon kuwa ita ce babu. Likita ya faɗa a gabansa, da kunnensa ya ji. Ko da bai ga inda ta saita ba, da ya gane daga muryarta, domin mutumin da ya yi rayuwarsa yana sauraron yoyo cikin duhu ya san ƙarar abin da ya tsage. Ƙarya ta yi masa don kada ya ji kunya. Kunyar ta kama shi ninki biyu.

Glenda ta juya ta nufi wurin masu askirim, ba don tana son askirim ba. Barry ya matso ya rage murya.

"Cyril, ko in ɗauke ta mu taka can? Ba ta da nauyi."

"Ka san nisan wurin, yaro? Laka ce a gaba. Kuma in ruwan ya juyo, ta bayanka yake zagayowa, ya cika kwari ya bar ka a tsibiri. Ba mai zuwa ko'ina."

Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ba ta yi masa daɗi a baki ba. Aka ci burodi da ƙwai, da ɗan yashin da ba a rasa shi a ciki. Aka sha shayi. Mavis ta mayar da kujerarta cikin danga da kanta, ta ce iskar ta yi yawa, ta zauna tana fuskantar banɗakin da ta saba. Ta yi ta hira da 'yarta a kan labulen falo, kamar ba abin da ya faru. Cyril bai ci ba. Ya zauna da guduma a cinya yana jujjuya ta.

Ƙarfe uku ta yi. Ko'ina a kan yashin aka fara tuge danga, ana kakkaɓe bargo, ana kiran yara, domin ba uban Cyril kaɗai ne ya bar wa 'ya'yansa hikima ba. Ba wanda ya ce da Mavis komai. Jikinta ne ya gaya mata lokaci ya yi. Ta miƙe da ƙyar, ta lalubi bakin bargo, ta fara ninkewa gida-gida yadda yake so, ta sa murfin filas. Wannan ne ya karya shi. Da ta yi fushi, da ya san yadda zai yi da fushi. Amma ga ta tana tattara kaya a kan lokaci, za ta bi shi gida ba tare da ta ga abin da ta roƙa ba, kuma ba za ta sake tayar da maganar ba har abada.

"Zauna, yarinya," in ji shi.

"Uku ta yi, Cyril. Cunkoso."

"Na ce ki zauna."

Ya dubi yadda ƙasar ta kwanta, ya zaɓi wuri kusa da gangaren siminti inda za a iya hawa sama ba gudu, ya mayar da kujeru can, duka huɗun suna kallon teku. Dangar ya bar ta a inda take. Daga nan ya zaro walat ya miƙa wa Barry takardar kuɗi.

"Je ka sayo kifi da dankali. Na mutum huɗu."

Barry ya dubi kuɗin, ya dubi matarsa.

"A shago, Cyril? Wurin ɓarayin?"

"In ka tsaya surutu zan canza ra'ayi."

"Mama, taɓa goshinsa," in ji Glenda. "Ina jin rana ta buge shi."

"Ki ƙyale ubanki," in ji Mavis. Murya ƙasa-ƙasa ta faɗa, tana gyara zama.

Cyril bai taɓa ganin Cleggy a wannan lokacin ba. Ashe garin na ci gaba da rayuwa bayan tafiyarsa. Aka kora jakuna gida a jere. Yashi ya yi fili, sai 'yan gari masu yawo da karnuka. Suka ci kifin a takarda da yatsu, wani farin tsuntsun teku ya fizge rabin na Barry, Mavis ta yi dariya har da tari ko da yake labari aka ba ta. Cyril ya ce ya ci kifin da ya fi wannan muni. Idonsa dai na kan zaren can mai ƙyalli, wanda ya fara kauri.

Teku a Cleggy ba ya zuwa da hayaniya. Rarrafowa yake yi. Ya fara cika ƙananan kwari, ya miƙa yatsu ta nan da ta can, ya haɗe su, sai ka ga inda kare ke gudu ɗazu ya zama tafki. Haka ruwa ke yi a cikin rami, ba bambanci ko kaɗan, kuma duk gaɓar da ke jikin Cyril tana ce masa ya kwashe mutanensa ya hau sama. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba tun yana saurayi a ƙarƙashin ƙasa.

"Ina ya kai?" in ji Mavis.

"Ya cika kwarin farko."

Can an jima ta sake tambaya.

"Ya kama ƙafafun gada. Yana zagayowa ta hagu."

Haka ya yi ta ba ta rahoto kamar yana magana da shugaban aiki. Mavis ta sunkuya ta cire takalmi da safa, ta ba Glenda. Ta ce a tashe ta. Cyril ya kama ta, suka sauka taku kaɗan daga gangaren suka tsaya a kan yashi. Yanzu ana jin sa, wani sassanyan shuu da ba ya yankewa. Mavis ta karkata kai gefe, kamar mai sauraron raɗa, domin ta gefen ido kawai haske ke shigar mata.

"Akwai wani ƙyalli a nan gefen," in ji ta. "Yana motsi. Tsakiyar dai babu."

"Cyril, danga fa," in ji Barry daga baya. "Ya kewaye ta."

Cyril ya waiga. Ga dangar da ta raka shi tun yana sabon magidanci, tsaye ita kaɗai cikin ruwa, ƙyallen na kaɗawa. Hannun Mavis na cikin nasa. Bai motsa ba.

Ruwan ya iso. Ya lashi yatsun ƙafarta ya koma, ya dawo ya rufe su. Ta ja numfashi.

"Sanyi," in ji ta, tana dariya. "Ba wanda ya gaya mini sanyi gare shi haka."

Shi kuma yana tsaye cikin takalminsa na zuwa coci, wanda ya goge jiya, ruwa na shiga ta wurin igiya yana jiƙa safa. Bai taɓa barin ruwa ya yi masa haka da saninsa ba.

"Ya kai idon sawu," in ji shi.

"Na sani, ƙafata ce. Kada ka gaya mini inda ya kai, Cyril. Yaya yake? Ni ba zan iya ganinsa duka ba. Ka duba mini."

Sai ya ɗaga kai. Tun ɗazu gefen ruwan yake kallo, inda yake ci, inda zai ɓullo. Yanzu ne ya kalli abin gaba ɗaya. Ba shuɗi ba ne irin na katin gaisuwa. Kalar shayi ne da aka yi wa rowar madara. Amma rana ta sauko ta bayansu ta kwanta a kansa, duk faɗinsa yana walƙiya yana numfashi, daga ƙafar matarsa har inda sama ta sauka, da wani jirgin ruwa can nesa kamar ba ya tafiya. Cyril ya nemi aibu, don ya saba samu. Ya duba hagu ya duba dama.

"Ba laifi," in ji shi.

Glenda ta rufe baki da takalmin uwarta da ke hannunta. Mavis ta matse hannun mijinta, hawaye na bin kuncinta ba ta share ba.

"Ka yi hankali, tsoho," in ji ta. "Kada bakinka ya saba."

Barry ne ya naɗe wando ya shiga ya ceto dangar. A hanyar dawowa tana kan cinyarsa tana ɗiga a kan shimfiɗar mota, ɗis, ɗis, kuma Cyril na jin kowane ɗigo, bai ce kanzil ba. Titi kuwa fayau, ba mota gaba ba mota baya, domin duk masu rigan cunkoso sun tafi tun ƙarfe uku sun yi cunkosonsu sun gama. Ba su taɓa isa gida da sauri haka ba. Barry ya buɗe baki zai yi magana a kai, Glenda ta sa masa gwiwar hannu a haƙarƙari.

Kafin sanyi ya kama, abin da likita ya faɗa ya tabbata. Cyril ya koyi zuba shayi da karanta mata jarida, yana karantawa yana gardama da jaridar. Madubin ya koma wurin Horace. Matan layinmu sukan shigo gaishe ta da rana, kuma ba a rasa wadda za ta tambaye ta ko ta samu ganin tekun kafin idon ya tafi. Mavis takan juya kofinta a hannu.

"Ni ban ga wani abin kirki ba, ɗan ƙyalli ne a gefen ido," takan ce. "Amma Cyril ya gani. Ya ce ba laifi."

Baƙuwa a layin takan ce ayya, ta tausaya mata. Waɗanda suka san Cyril kuwa sukan ajiye kofi su ce ta maimaita.